Barau Wanzami Ya Rataye Zabira

Kafin motar farko ta tashi daga tashar Birnin Kudu, Baba Barau ya riga ya taka rabin gari. Yana idar da sallar asuba zai kurɓi kokonsa a tsaye, ya saɓa zabira, ya ɗauki butar ruwan ɗumi da matarsa Safiyatu ta ajiye masa a bakin murhu, ya fita. Amma ba gindin durumin da yake sana'a yake nufa kai tsaye ba. Sai ya fara ratsa lunguna, ya yi sallama a gida biyu ko uku, irin gidajen da mutane kan ɗaga ƙafa in sun zo wucewa. A can zai tayar da maras lafiya zaune, ya goge masa jiki, ya wanke miki da ruwan gishiri, ya sake tsumma, in suma ta taru ya kwashe. Sai hantsi ya dubi ludayi sannan za ka hango shi ya ɓullo ta wajen masu ƙosai, yana ba waɗanda suka gaji da jiransa haƙuri.

Daga nan sai ya shimfiɗa buzu, ya wasa aska a jikin fata, ya ce, “Wa ya riga wani?” Direbobi ne, 'yan kamasho ne, malaman makaranta ne, da mutanen ƙauye da suka shigo sayen kananzir da gishiri. Motocin Kano na lodi, na Maiduguri na wucewa suna busa, masu rake da masu tsire na ta kiran ciniki, shi kuwa kansa a sunkuye, yana aski yana hira. Ranar kasuwar Wurno ya hau kekensa. Ranar ta Sara ko ta Gwaram ya bi motar 'yan kasuwa. Haka muka taso muka gan shi.

Watan jiya ya rataye zabirar. Hannu ya daɗe da fara rawa, yana ɓoyewa, har ranar da ya ɗan shafci kunnen wani direba. Jinin bai kai a ce jini ba, direban ma dariya ya yi. Amma Baba Barau ya goge askar, ya naɗe ta, ya ce, “Yau na gama.” Masinjan ofis in ya bar aiki akan tara jama'a a yi masa jawabi. Wanzami kuwa naɗe buzunsa ya yi ya tafi gida. Abin da ya sa aka yi wannan rubutu ke nan.

Aikin da ya sa ake jinjina masa ba aski ba ne, ko da yake ta aski ya samo shi.

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, Barau yana da amini, Maikano tela, wanda kekensa na ɗinki ke rumfar da ke kallon durumin. Tare suka yi ƙuruciya, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Sai wani ƙulli ya fito wa Maikano a wuya, ƙasan kunne, kamar ƙwan zabuwa. Ba ya ciwo, ba ya nuna, yana dai ƙaruwa. Wata rana ya tsallako ya zauna a kan buzu.

“Kai Barau, huda mini abin nan in huta. Ya hana ni ɓalla maɓallin wuyan riga. Tela guda a gan shi da wuya a buɗe?”

Barau ya latsa, ya ɗauka maruru ne mai taurin kai. Ya sa ƙarfen sakiya a wuta, ya huda, kamar yadda ya yi wa ɗaruruwan mutane suka warke. Ko ɗigon mugunya bai fito ba, sai jini. Bakin ciwon kuma ya ƙi rufewa. Sati ya zama wata, wurin ya buɗe ya yi faɗi. Wata tsohuwa da ta leƙo dubiya ta fito tana girgiza kai, ta ce, “Wannan ai ciwon daji ne.”

Wata tara Maikano ya yi a kwance. Aka sayar da keken ɗinkin don neman magani. Damina ta zo, ciyawa ta cinye gonarsa. 'Yan dubiya da fari sun cika zaure, amma da ciwon ya fara wari, sai suka koma aiko da gaisuwa, daga baya gaisuwar ma ta ɗauke. Matarsa Hajjo ta shiga dakau don ta ciyar da 'ya'ya uku, tana daka tana jiyo nishin mijinta a ɗaki. Barau kaɗai ke zuwa kullum, shi ma ba don ƙarfin hali ba. Ya faɗa da bakinsa cewa kunya ce ke kai shi, da jin cewa hannunsa ne ya ɓallo abin.

Wata safiya yana sake masa tsumma, Maikano ya riƙe masa hannu.

“Barau, ka daina sunkuyar da kai in ka shigo. Ba ƙarfenka ba ne. Ciwon ya riga ka zuwa.”

Sai Maikano ya dubi ƙofar ɗaki, ya ci gaba.

“Abin da nake so ka duba, tsakar gidan nan ka duba. Ni mutuwa ɗaya zan yi. Su kuwa kullum yi suke.”

Bayan kwana goma sha ɗaya aka kai Maikano makwancinsa.

Da aka share makoki, wani malamin asibiti ya zo aski, Barau ya kwashe labarin ya faɗa masa. Malamin ya ce rai na Allah ne, amma irin wannan ƙulli, mai tauri, marar ciwo, wanda ba ya nuna, in an kai shi wurin likita tun bai fashe ba, wani lokaci akan cire shi mutum ya ci gaba da harkarsa. Barau ya sa shi ya maimaita masa alamomin har sau uku. Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawari biyu: ƙarfensa ba zai sake taɓa irin wannan ƙulli ba, kuma gidan da daji ya shiga a ƙasar nan, ba za a bar su su kaɗai ba matuƙar yana da ƙafa.

Alkawarin farko ya jawo masa surutu. 'Yan'uwansa wanzamai suka ce tsoron jini ya kama shi. Wasu suka ce ya zama ɗan koren asibiti. Mutane kuma a lokacin sun haƙiƙance daji ba ya son allura, in likita ya taɓa shi haukacewa yake, don haka duk wanda Barau ya ce wa ya tafi Kano, sai ya ga kamar kabari aka nuna masa.

Na biyun kuwa, wanzami ba shi da rumbu, ba shi da mota. Abin da yake da shi kawunan mutane. Sai ya bari ya kwashe wa mutum rabin suma, sannan ya tsaya yana wasa aska a hankali.

“Alhaji, yaushe rabonka da gidan Malam wane?”

“Kai, an kwana biyu. Na ji an ce ba shi da lafiya.”

“Wata huɗu. Jiya da ruwan kanzo yaransa suka kwana.”

Wa zai tashi da rabin kai? Dole ka zauna ka ji labarin har ƙarshe. Ba ya kuma tambayar mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Mai itace ya ajiye dami. Mahauci ya ware ƙashi na romo. Teloli su tara masa ƙyallaye, Safiyatu ta wanke ta dafa su a tukunya don ɗaurin miki. Direba ya ba da mazauni a gidan gaba. Manoma su ba da safiya ɗaya ta gayya. Wanda ba shi da komai, sai ya ce masa, “To kai je ka zauna da shi. Ko ba ka yi magana ba, ya ga mutum.” 'Yan tasha suka riƙa tsokanarsa, suna cewa askin Barau sau biyu ake biya. Ba su fasa kawo kawunansu ba.

Gidajen da maras lafiyar mace ce, ba ya iya shiga yadda yake so. Nan Hajjo ta shigo aikin. Ita da kanta ta same shi bayan ta fita takaba, ta ce, “Malam Barau, abin da na gani ba na so wata ta gan shi ita kaɗai. In akwai inda namiji ba zai shiga ba, ka aike ni.” Shekara goma sha takwas ke nan tana shiga.

Ba kullum ake gode masa ba. Akwai wani dattijo a Wurno da Barau ya lallaɓa har ya yarda aka kai shi Kano, ashe ciwon ya yi nisa, a can ya cika. Babban ɗansa, Ɗanladi, ya tako har gindin durumi ranar da tasha ta cika, ya nuna Barau da yatsa.

“Kai ka kashe mana uba! Da ka bar shi, da ko ba komai a ɗakinsa zai mutu, a gabanmu.”

Waɗanda ke wurin sun ce Barau ajiye aska ya yi, ya miƙe tsaye, ya saurara har mutumin ya gaji. Sannan ya ce, “Ka yi gaskiya a kan ɗakin. Wannan na hana shi, ka yafe mini.” Ranar bai ƙara aski ba. Safiyatu ta ce kwana uku bai ci abin kirki ba. Amma da lokacin noman farko ya yi, shi ya ja mutum tara zuwa gonar marigayin. Ɗanladi yana tsaye a kan iyaka bai ce musu sannu ba. Sun gama sun tafi.

Labarin da aka fi tunawa shi ne na Zahara'u.

Shekarar babban fari ce, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. A kasuwar Sara wani makiyayi daga Kwandiko mai suna Hambali ya jira har mutane suka ragu, sannan ya tsuguna kusa da Barau, ya yi ƙasa da murya. Matarsa Zahara'u ce. Wani abu ya fito mata a mama. Tana da goyo ɗan wata bakwai. Yana so Barau ya zo ya yi mata sakiya ba tare da kowa ya ji ba.

Washegari Barau ya tafi Kwandiko tare da Hajjo. Shi ya zauna a waje, ita ta shiga. Da ta fito, sai ta dunƙule hannu ta nuna masa girman abin. Ya tambaye ta ko ya fashe, ta ce bai fashe ba.

“Malam Hambali,” in ji Barau, “ba zan taɓa ba.”

“Don me? In don abin hannu ne, akwai ɗan maraƙi.”

“Ko garke za ka ba ni. Na taɓa yi wa wanda ya fi kowa kusa da ni, ni na wanke gawarsa. Wannan na likita ne, kuma yanzu, ba bayan kaka ba.”

Hambali ya miƙe a fusace. “In kai ta su yanke mata jiki? Kowa ya san daji ba ya son allura! Kuma in na tafi, wa zai riƙe mini abin da ya rage? Saniya bakwai gare ni cikin talatin, su ma sai an ɗaga su suke tashi. Ga yara huɗu. In bar shanun su bi waɗanda suka mutu?”

Barau ya san tambayar ba ta banza ba ce. Sai murya ta fito daga cikin ɗaki. Zahara'u ce, wadda tun zuwansu ba a ji bakinta ba.

“Baba wanzami, in na je, zan dawo in yaye yaron nan?”

“Ban sani ba, 'yata. Ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, in kin zauna, na san inda hanyar take zuwa, na bi ta da mutane da yawa.”

Sannan ta ce, “To zan je.”

Kwana shida Barau ya yi yana haɗa tafiyar nan, a shekarar da kowa ke ɓoye mudunsa. Ya zauna da mai garin Kwandiko har aka raba shanun bakwai a gidaje uku, kowa ya ɗauki alkawarin sassabo musu ganye. Wata maƙwabciya mai shayarwa ta karɓi jaririn. Ƙasimu direba, mai jigilar gyaɗa zuwa Kano, ya ba da gidan gaba. Wata 'yar Birnin Kudu da ke aure a Fagge ta share musu ɗaki. A gindin durumi kuwa, duk wanda ya zo aski sai ya bar wani abu a ƙwaryar da aka ajiye, wani tafin gero, wani kuka, wani ɗan sabulu. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kwance zanen da take ajiya na zuwa suna, ta ce a ba Zahara'u ta rufa a asibiti. Hajjo ta bi su jinya, ta yi kwana arba'in da biyu a can.

Aka yi aikin. Zahara'u ta dawo a rame, gefe ɗaya a shafe, amma da ƙafafunta ta sauko daga motar Ƙasimu. Ta karɓi ɗanta. Ba ta sake shayar da shi ba, amma a bayanta ya girma, a gabanta ya yi tafiya, ya yi baki. Ta koma tallan nono. Duk ranar kasuwar Sara sai ta dire ƙwarya a gaban Barau, in ya ce ya ƙoshi ta ce, “Baba, wannan ba ciniki ba ne, sha za ka yi.”

Shekara huɗu aka yi haka. A cikinsu kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi ƙarin albashin Udoji, gari ya cika da babura da rediyo, jinka ta riƙa komawa kwano. Barau ya ce abin mamaki, tara taimako ya fi masa wuya a lokacin fiye da shekarar fari. Mutum zai zaro abu daga aljihu ya miƙa da sauri, amma ka ce ya je ya zauna da maras lafiya, sai ya duba agogo.

A shekara ta biyar ciwon ya dawo, wannan karon a ƙashin baya. Likita ya ce su koma gida. Wata uku Hajjo ta tare a Kwandiko, Barau na zuwa duk mako da ƙyallaye da romo. Ranar wata Laraba da la'asar, dawa ta fara fitar da kai, Zahara'u ta rasu.

Bayan sadakar bakwai, aka ga Hambali ya sauka a tashar Birnin Kudu. Masu ƙosai sun ce gabansu ya faɗi, don sun tuna da Ɗanladi. Ya nufo durumin, ya jingine sandarsa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a kan buzu, ya cire hula.

“Baba, yi mini aski.”

Barau ya jiƙa suma ya fara. Ya yi ta kwashewa har aski ya zo gaban goshi. Sannan Hambali ya ce, “Da na bi son raina, da yaron nan bai san fuskar uwarsa ba. Jiya ya tambaye ni ita, ya kira ta da suna. Ya san wadda yake nema.” Barau ya ɗaga askar sama, ya dafa kan mutumin da ɗaya hannun, suka zauna a haka, motoci na ta busa a bayansu. Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin hawayen Baba Barau a bainar jama'a.

Baba Barau, kai ne ka shiga inda dangi suka tsaya a bakin ƙofa. Kai ne ka wanke abin da ido ba ya son gani, ka fito ka wanke hannu, ba ka taɓa ba da labarin miki ko tsiraicin kowa a gindin durumi ba, duk da cewa hira ce rabin sana'arka. Yawancin waɗanda ka yi wa hidima ba su tashi ba, ka kuma san ba za su tashi ba tun kana yi. Ba ka warkar da daji ba, ba ka ma taɓa cewa za ka iya ba. Amma daga Wurno har Kwandiko akwai gonakin da ba su mutu tare da masu su ba, akwai marayun da ba a watsa su ba, akwai waɗanda suka cika da tsumma mai tsabta a jikinsu da hannun mutum a cikin nasu. Na Safiyatu, wanzami mai sanin inda aska ke tsayawa. Mun gode. Allah ya saka maka, ya saka wa Inna Hajjo da Inna Safiyatu, ya sa ka tarar da shi a mizani.

Mu kuma da muka rage, kada mu tsaya a kan jinjina. Ciwon nan bai rataye tasa zabirar ba. Wanda ya ga ƙulli a jikinsa ko na iyalinsa, ya kai asibiti tun bai fashe ba. Wanda ke da maƙwabci a kwance, ya tuna zumunta a ƙafa take, aike ba ya maye gurbin zuwa.

Da na je na faɗa masa za a rubuta labarinsa, na same shi a zaure, hannayensa a kan cinya suna rawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Mutane da yawa za su karanta?”

Na ce, “In Allah ya so, Baba.”

“To bar zancena. Rubuta cewa akwai wata Kulu a Wurno, mijinta na kwance tun kafin azumi. Itacensu ya ƙare, kuma ita kaɗai ke juya shi, ga ta da tsohon ciki. Ni yanzu ba na iya ɗaga mutum.”

Ban bar zancensa ba, ya yafe mini. Amma ga saƙon na isar. Gidan yana yamma da rijiya, mai dangar kara da kurna a ƙofa. Ba sai kun san su ba. Sallama kawai za ku yi.